Jinin Masu Feshi a Gonakin Tuffa na Jihar Washinton

A ranar 1 ga watan Fabrairun 2004 wata doka ta fara aiki a jihar Washinton, wadda ke can kusurwar arewa maso yammacin Amurka, nesa ƙwarai da birnin Washinton inda fadar gwamnatin ƙasar take. Dokar ta wajabta wa masu gonaki su shirya wa ma'aikatansu masu haɗa maganin ƙwari da masu fesa shi gwajin jini kafin lokacin feshi ya kama, sannan a riƙa maimaita gwajin muddin aikin yana ci gaba. A shekarar farko an ɗebi jinin ma'aikata fiye da 2,600 a gwajin farko, daga cikinsu mutum 580 suka yi aiki da maganin har ya kai a sake gwada su. Da aka kwatanta sakamakon farko da na baya, sai aka tarar kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar jininsa ya nuna cewa guba ta shige shi fiye da yadda doka ta yarda a ƙyale, kuma fiye da mutum 20 lamarinsu ya kai matakin da dole a janye su daga aikin feshi gaba ɗaya. Waɗannan mutane ba a gadon asibiti aka same su ba, a bakin aikinsu suke, suna tuƙa tarakta suna cika tanki kamar kullum.

Kafin a fahimci nauyin wannan sakamako, sai an san wurin da irin aikin. Jerin duwatsun Cascade ya raba jihar gida biyu, kuma gabashinsa busasshiyar ƙasa ce da noman rani ya raya da ruwan kogin Columbia da rassansa. A kwarin Yakima da kewayen garin Wenatchee akwai lambunan tuffa da ceri da sauran itatuwan marmari iya ganin ido, daga nan ne fiye da rabin tuffar da ake nomawa a Amurka take fitowa. Mafi yawan leburorin da ke wannan aiki 'yan asalin ƙasar Meziko ne, harshensu Sifaniyanci, kuma da yawa aikin nasu na kaka ne, in ta wuce sai jiran wata. Injin feshin da ake amfani da shi a lambunan tanki ne babba da tarakta ke ja tsakanin layukan itatuwa, a bayansa akwai fanka mai ƙarfi da ke watsa maganin sama da gefe kamar hazo domin ya kai har ƙololuwar itace. Duk lokacin da direba ya kai ƙarshen layi ya juyo, ko iska ta canza, cikin wannan hazon yake ratsawa, kuma yana iya yini a haka kwanaki a jere.

Magunguna uku ne suka fi yawa a wancan lokacin. Akwai kulofirifos, wanda ake sayarwa da sunan Lorsban, ana fesa shi a watannin Maris da Afrilu kafin itatuwa su yi fure. Akwai azinfos-metil, mai sunan kasuwa Guthion, wanda manoma suka dogara da shi shekaru da yawa wajen kashe tsutsar da ke huda tuffa ta ci cikinta. Sai kabaril, wato Sevin, wanda ban da kashe ƙwari ana fesa shi bayan fure domin wasu ƙananan 'ya'ya su zube, waɗanda suka rage su samu girma. Biyun farko dangin oganofosfet ne, na ukun dangin kabamet, amma hanyar da suke bi su cutar da jiki ɗaya ce. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san wannan dangi ko da bai san sunansa ba, domin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya oganofosfet ne shi ma.

A jikin mutum, jijiya tana isar da saƙo ga tsoka ko ga wata jijiyar ta hanyar sakin wani sinadari mai suna asetilkolin. Da zarar saƙon ya isa, wajibi ne a share sinadarin daga mahaɗar nan take, in ba haka ba tsokar za ta ci gaba da karɓar umarnin da aka riga aka gama da shi. Mai wannan shara shi ne wani sinadari mai suna kolinestares. Abin da oganofosfet da kabamet suke yi shi ne su manne wa kolinestares su hana shi aiki, sai asetilkolin ya taru, jiki ya rikice. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da kasala, zufa da yawu su yawaita, zuciya ta riƙa tashi, baƙin tsakiyar ido ya tsuke, tsoka ta riƙa motsi da kanta. Idan gubar ta yi yawa sai amai da gudawa, majina ta cika huhu, tsokar numfashi ta gaza, kuma a nan ne ake rasa rai idan ba a samu allurar aturofin da taimakon numfashi da wuri ba.

Matsalar ita ce alamomin farko ba su da bambanci da na mura ko gajiya ko zafin rana, kuma wanda ya yini cikin rigar roba a lambu yana da dalilin jin kowannensu. Bayan haka gubar taruwa take yi. Abin da ya shiga ta fata yau, idan jiki bai gama farfaɗowa ba na gobe ya zo ya hau kansa, ƙarfin kolinestares yana raguwa sannu a hankali mutum bai sani ba, har ranar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamar tiyo ya fashe ko safar hannu ta huje, zai kwantar da shi. Amfanin gwajin jini shi ne ya hango wannan gangara tun mutum yana tsaye da ƙafafunsa. Ba a iya auna kolinestares ɗin da ke cikin jijiya kai tsaye, amma akwai irinsa a jikin jajayen ƙwayoyin jini, akwai kuma ɗan'uwansa da hanta ke ƙerawa ta zuba cikin ruwan jini. Na ruwan jini ya fi saurin faɗuwa, ya kuma fi saurin dawowa. Na jajayen ƙwayoyi ya fi nuna halin da jijiya ke ciki, amma dawowarsa da nawa take, wajen kashi 1 cikin 100 a kowace rana, saboda sai jiki ya ƙera sababbin ƙwayoyi sun maye gurbin waɗanda suka lalace.

A nan ne gwajin farko yake da muhimmancin da ba a iya kauce masa. Yawan kolinestares ya bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum, ko da dukkansu lafiyayyu ne, kuma ciwon hanta da juna biyu da wasu magungunan asibiti da gado duk suna iya rage na ruwan jini. Saboda haka mutumin da asalinsa mai yawa ne zai iya rasa kashi ɗaya bisa uku na abin da yake da shi, amma takardar gwaji ta nuna yana cikin adadin da aka saba gani ga jama'a. Ba a gane raguwar sai an kwatanta mutum da kansa, wato jininsa na yau da jininsa na lokacin da ya yi aƙalla kwana 30 bai taɓa waɗannan magunguna ba. Duk tsarin da ya tsallake wannan mataki, a ganina, auna jini kawai yake yi, bai kai ga sa ido kan lafiya ba.

Babu ko ɗaya daga cikin wannan ilimi da yake sabo a 2004. Jihar Kalifoniya ta wajabta irin wannan gwaji tun 1974. Abin da ya jinkirta shi a Washinton gardama ce kan kuɗi da wahalar aiwatarwa da kuma ko gwajin abin dogaro ne. A 1993 Ma'aikatar Ƙwadago da Masana'antu ta jihar, wadda kiyaye lafiyar ma'aikata ke hannunta, ta fitar da ƙa'ida da ta ba masu gonaki shawarar su riƙa yin gwajin, ba tare da ta tilasta musu ba. A 1995 wani kwamitin ƙwararru da ma'aikatar da kanta ta kafa ya duba binciken da ake da shi, ya kai ga cewa gwajin ya zama dole kuma mai yiwuwa ne. Duk da haka, da ma'aikatan gona suka nemi a mayar da shawarar doka a 1997, ma'aikatar ta ƙi. Sai suka garzaya kotu, aka san ƙarar da sunan ɗaya daga cikinsu, Juan Rios, wanda mai feshi ne.

A watan Fabrairun 2002 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci, kuma hukuncin yana da darasi a yadda ya rarrabe abubuwa. Kotun ba ta kama ma'aikatar da laifi kan ƙa'idar 1993 ba, domin a lokacin tana da hujjar yin taka-tsantsan. Amma ƙin da ta yi a 1997 kotu ta ce bai dace da hankali ba, tunda ƙwararrunta sun riga sun gaya mata abin da ya kamata, kuma dokar kiyaye lafiyar ma'aikata ta jihar, ta 1973, ta ɗora mata nauyin kare ma'aikaci daga guba iyakar abin da zai yiwu. Aka umarce ta ta fara tsara dokar tilas. An kammala ta a watan Disambar 2003, shekara 10 bayan shawarar da ba ta ɗaure kowa ba. Ina ganin bai kamata a wuce wannan tazara da sauri ba, domin a cikin waɗannan shekaru feshin bai tsaya ko kaka ɗaya ba, kuma abin da gwajin 2004 ya bayyana yana nuna irin halin da masu feshi suka kasance ciki babu mai aunawa.

Dokar ta shafi waɗanda ke taɓa magungunan oganofosfet da kabamet na rukuni na ɗaya da na biyu, wato mafiya haɗari bisa alamar da ke jikin mazubinsu, ko suna haɗawa, ko ɗurawa, ko fesawa, ko wanke injin da gyara shi. Wajibi ne mai gona ya rubuta awannin da kowane ma'aikaci ya yi yana wannan aiki. A 2004 wanda ya kai awa 50 cikin kwana 30 shi ake sake gwadawa, daga 2005 aka sauko da adadin zuwa awa 30. Ba a cajin ma'aikaci ko sisi, kuma yana da 'yancin ya ƙi gwajin, amma sai bayan an yi masa horo ya kuma zauna da jami'in lafiya ya ji amfani da illar shawarar da zai yanke.

Matakan da ake ɗauka an ɗaure su ne da lambobi ƙayyadaddu. Idan kolinestares ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 daga ma'aunin mutum na farko, dole mai gona ya binciki yadda ake aikin: kayan kariya, wurin wanka, yanayin injin, da halayen aikin ma'aikacin. Idan na jajayen ƙwayoyi ya ragu da kashi 30, ko na ruwan jini da kashi 40, sai a janye ma'aikacin daga duk aikin da zai haɗa shi da waɗannan magunguna, kuma ba zai koma ba sai jininsa ya dawo kusa da asalinsa, abin da ya rage bai wuce kashi 20 ba. Sashen da na fi ba muhimmanci shi ne wanda ya ce a tsawon wannan janyewa, har zuwa wata uku, albashinsa da matsayinsa da sauran haƙƙoƙinsa suna nan daram. Aikin feshi ya fi yawancin ayyukan lambu tsoka da ɗorewa, kuma babu magidancin da zai miƙa hannu a ɗebi jininsa idan ya san sakamakon zai iya raba shi da abincin iyalinsa. Da an bar wannan sashe a waje, da waɗanda suka fi buƙatar gwajin su ne za su fara guje masa.

Da sakamakon ya fara fitowa, jami'an ma'aikatar suka riƙa ziyartar gonakin da aka samu raguwa. Yawancin lamuran daga lambunan itatuwan marmari suke inda ake amfani da injin fanka, kuma sun fi taruwa a farkon kaka, lokacin feshin kulofirifos. Abubuwan da ake tararwa ba manyan haɗura ba ne, ƙananan giɓi ne da ake maimaitawa kullum: wuya da gefen fuska a buɗe tsakanin takunkumi da riga, hular yadi da ke shan magani ana sake sa ta washegari, cire safar hannu domin a gyara bakin feshi da ya toshe, cin abinci ko zagayawa ba tare da wanke hannu sosai ba, da takunkumin da bai zauna wa fuska daidai ba. Yawancin gubar ta fata take shiga, ba ta hanci kaɗai ba, kuma wannan abu ne da mai aiki ba ya ji a jikinsa lokacin da yake faruwa.

Masu bincike na Jami'ar Washinton da ke Seattle sun bi sahun shirin, suka haɗa sakamakon jinin masu feshi 154 na 2006 da 2007 da tambayoyi kan yadda suke aiki. Sun gano cewa waɗanda ke haɗa magani da ɗura shi, da waɗanda ke wanke injin feshi, sun fi samun raguwa, yayin da masu sa takunkumin da ya rufe fuska gaba ɗaya, da takalman da magani ba ya ratsawa, da masu akwatin ajiye kayan kariya a wurin aiki suka fi tsira. Batun wanke injin ya cancanci a tsaya a kansa, domin aiki ne na ƙarshen yini, lokacin da mutum ya gaji, zafi ya ishe shi, yana ganin feshi ya ƙare har ya fara tuɓe kayan kariya, alhali ruwan da ke fallatsowa daga jikin tankin cike yake da magani. Binciken ya kuma nuna cewa jikin mutane ba ɗaya ba ne wajen warware gubar: akwai wani sinadari a jini mai suna PON1 da ke karya wasu oganofosfet, kuma waɗanda nasu ba shi da ƙarfi sun fi samun raguwa. Wannan hujja ce ta a tsara kariya bisa mafi rauni a cikin ma'aikata, ba dalilin a tace mutane a kori wasu ba.

Shirin bai rasa tangarɗa ba. Kolinestares abu ne mai saurin canzawa a cikin kwalbar gwaji, dole a ajiye jinin cikin sanyi a kai shi ɗakin gwaji da sauri, kuma dole ɗaki ɗaya da hanya ɗaya su auna na farko da na baya, in ba haka ba bambancin na'ura zai yi kama da guba, ko ya ɓoye ta. Saboda haka ne aka tattara dukkan gwajin a ɗakin gwaji guda, da farko na Ma'aikatar Lafiya ta jihar. Masu gonaki sun yi ƙorafin cewa wasu daga cikin lambobin shekarar farko kuskuren awo ne, kuma gaskiya ne cewa a iyakar kashi 20 ana iya samun wanda aka ƙirga bisa kuskure. Sai dai kuskuren awo yana aiki ta fuska biyu, yana iya wanke wanda ya gurɓata kamar yadda yake iya shafa wa mai lafiya. A ɗaya ɓangaren masu kare haƙƙin leburori sun koka kan jinkiri tsakanin ɗibar jini da isar labari gona, domin duk kwanan da sakamako ya yi a hanya, mutumin da ya kamata a janye yana kan tarakta. Akwai kuma raunin da ke cikin gwajin kansa game da kabamet, wanda riƙon da yake yi wa kolinestares yakan saki cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, ta yadda jinin da aka ɗiba a makare zai fito tsaf alhali an sha gubar.

A 2005 adadin waɗanda jininsu ya nuna raguwa ya sauko zuwa kusan mutum ɗaya cikin goma, kuma bayan ɗan hawa da sauka a shekarun da suka biyo baya, ya ƙara yin ƙasa. Ba daidai ba ne a jingina wannan duka ga gyaran halayen aiki. Saukar da iyaka daga awa 50 zuwa 30 ta shigo da mutanen da ba su daɗe cikin magani ba, aikin ɗakin gwaji ya inganta, wasu masu gonaki sun riƙa raba feshi tsakanin ma'aikata domin kada kowa ya kai iyakar, sannan magungunan kansu sun fara barin lambu. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta yanke shawara a 2006 a janye azinfos-metil a hankali, musamman saboda haɗarinsa ga ma'aikatan gona, aka soke rajistarsa a 2012, aka bar manoma su ƙarasa abin da ke hannunsu zuwa ƙarshen Satumbar 2013. Manoman tuffa da yawa sun koma ga dabarar rataya ƙamshin da ke rikita mazan ƙwaron da ke haifar da tsutsar tuffa su kasa samun mata, tare da sababbin magunguna. Duk da haka, ina da yaƙinin cewa gwajin ya taka rawar da babu abin da zai maye gurbinta, domin shi ne ya mayar da zancen guba daga gardama tsakanin lebura da mai gona zuwa lamba a rubuce wadda doka ta ce dole a yi wani abu a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙuncin da'irar da dokar ta zana. Masu feshi ƙalilan ne a cikin dubban mutanen da ke aiki a lambunan. Masu rage 'ya'ya da hannu, da masu sassabe rassa, da masu tsinkar tuffa suna shiga bayan feshi su yini suna gogar ganyen da magani ya bushe a kansa, kuma ba sa cikin waɗanda ake gwadawa, kariyarsu ita ce wa'adin da aka ƙayyade kafin a koma cikin gona. Iyalai ma ba sa ciki, alhali binciken da aka yi a kwarin Yakima ya samu ragowar oganofosfet a ƙurar gidaje da motocin ma'aikatan gona, da kuma alamarsa a fitsarin 'ya'yansu, abin da ke nuna cewa maganin yana bin tufafi da takalma har ɗaki. Gwajin kolinestares kuma gubar kusa yake kamawa, ba ya faɗin abin da shekaru 20 na ƙananan shaƙa za su yi wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Sannan magungunan da suka maye gurbin oganofosfet a lambunan, irin su dangin niyonikotinoyid da firetiroyid, ba ta hanyar kolinestares suke aiki ba, don haka mai fesa su zai iya jiƙewa da su sharkaf, a ɗebi jininsa, takarda ta dawo tana cewa komai daidai yake.